Yadda Za Ka Kai Ziyara Lugard Hall, Zauren Majalisar Kaduna

In ka taso daga Kawo ka miƙo titin Ali Akilu za ka shiga cikin gari, akwai shataletalen da kowane direban bas da mai Keke Napep ya sani da sunan Lugard Hall. Daga wajajen nan ake hango ƙubbar ginin. Kullum jama'a na ta wucewa, amma ka tsayar da mutum goma ka tambaye su wa ya taɓa shiga, da wuya ka samu ɗaya. Ni haifaffen Tudun Wada ne, sai da na haura shekara talatin kafin na taka ƙafata a harabar. Abin da ya hana ni shi ne ke hana yawancinmu, wato ɗaukar da muke yi cewa wurin na manya ne, talaka ba shi da gurbi a ciki. Alhali kuwa a nan ake amincewa da kasafin kuɗin jiharmu, a nan ake yin dokar da za ta hau kan mai shago a Kasuwar Bacci da manomi a Soba. Ga yadda za ka je, ka shiga, ka fito da abin da za ka ba wani labari.

Mataki na farko: san inda za ka

Wanda ya shiga bai san tarihin wurin ba, bango da kujeru kawai zai gani. Sunan ginin na Frederick Lugard ne, wanda kakanninmu ke ce wa Gwamna Lugga. A ƙarƙashin jagorancinsa sojojin Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shekarar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Shi ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, shi kuma ya zaɓi Kaduna ta zama hedikwata, aka taso daga Zungeru aka tare a 1917. Ya mutu a 1945, aka sa wa zauren sunansa don tunawa da shi. In za ka je da yara, kada ka ɓoye musu wannan. Su san cewa sunan na wanda ya ci ƙasarmu da yaƙi ne, su kuma san cewa a cikin wannan zauren 'ya'yan waɗanda aka ci da yaƙin suka zauna har mulki ya dawo hannunsu. Ni wannan ne ya fi taɓa ni game da wurin.

A zamanin Jihar Arewa, nan ne mazaunin majalisu biyu: Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sarkin Katsina Usman Nagogo, Sarkin Zazzau Ja'afaru, Sarkin Kano Sanusi, duk Kaduna suke tahowa in za a zauna. A gaban Majalisar Wakilan Arewa ne Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, maganar da ba kowa ke iya furtawa ba a lokacin. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiya a 1954. Sarauniyar Ingila ta zo wannan zaure a 1956. Ranar 15 ga Maris 1959 Arewa ta samu mulkin kai, aka ci gaba da zama har juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisun.

Akwai kuma abin da iyayenmu suka gani da idonsu. A 1979 Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci gwamna, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisa. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi ta mulki babu su, har ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar ta tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Balarabe ne gwamnan farko da aka tsige a Najeriya. A lokacin Katsina na cikin Jihar Kaduna, ba a raba ba sai 1987. Ko kana ganin an yi daidai ko an yi zalunci, wannan ya isa ya nuna maka nauyin kujerun da za ka je ka gani.

Mataki na biyu: zaɓi rana

Ginin ba gidan tarihi ba ne, wurin aiki ne, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce a ciki. Saboda haka ka fara yanke abin da kake so. In zaman majalisa kake son kallo, a al'ada majalisun dokokin ƙasar nan Talata, Laraba da Alhamis suka fi zama, kuma sukan tafi hutu lokacin Sallah, Kirsimeti da ƙarshen shekarar majalisa. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta musu zama na aƙalla kwana 181 a shekara, don haka ranakun ba su yi kaɗan ba, sai dai ka tambaya tun da wuri don kada ka yi zuwan banza. In kuwa ginin kake son dubawa a natse, ko ɗalibai za ka kai, ranar da ba a zama ta fi, domin ma'aikata sun fi samun sukunin yi maka bayani.

Mataki na uku: nemi izini

Hanya biyu ce. Ta farko, ka rubuta takarda zuwa ga Akawun Majalisa, domin shi ne shugaban ma'aikatan wurin. Kada ka tsawaita. Ka faɗi ko kai wane ne, ku nawa ne, ranar da kuke so, abin da zai kawo ku, da lambar wayarka. In makaranta ce ko ƙungiya, a yi a kan takarda mai tambarinta, shugaba ya sa hannu. Ka yi kwafi biyu, ka kai da kanka, a buga maka hatimi a kan ɗaya ka riƙe. Ka ba da tazarar mako biyu, sannan ka koma ka bi sawu. Takardar da mai ita bai bi sawunta ba takan kwana a tire a kowane ofis.

Ta biyu ta fi sauƙi ga mutum ɗaya ko iyali: ka bi ta hannun ɗan majalisar mazaɓarka. Kujeru 34 ne a zauren, daga ƙananan hukumomi 23 na jihar, ɗaya daga ciki taka ce. In ba ka san sunan mai wakiltarka ba, to ziyarar ta fara yi maka amfani tun ba ka je ba, ka tambayi mai unguwa ko kansila. In ka samu ofishinsa, ka ce kai ɗan mazaɓarsa ne kana son ganin zama. Mutane da yawa sun saba zuwa wajen ɗan majalisa da takardar asibiti ko katin biki, shi ya sa in ka ce kallon aiki ka zo yi za ka ga an ɗago kai an dube ka da kyau.

Kada ka rikita wurin da Magajin Gari, inda sakatariyar Kaduna ta Arewa take, ko da Gidan Sir Kashim Ibrahim, inda gwamna yake.

Mataki na huɗu: shiri da hanya

Ka riƙe katin shaida, na ɗan ƙasa ko na zaɓe ko na wurin aiki, da kwafin takardarka. Ka sa kaftani da hula, mace ta yi shigarta ta mutunci, ɗalibai su zo da kayan makaranta. Ka bar babbar jaka a gida. Daga Kawo ko Unguwar Sarki bas ɗaya ce ta titin Ali Akilu. Daga Babbar Kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi sai ka hauro Ahmadu Bello Way. Wanda ya zo ta jirgin ƙasa daga Abuja zai sauka Rigasa, ya sa wa kansa lokaci mai yalwa saboda cunkoso. Ka isa da safe, ka jira 'yan majalisar, kada su riga ka shiga.

Mataki na biyar: bakin ƙofa

Ka yi wa jami'an tsaro sallama ka gaishe su kafin ka faɗi abin da ke tafe da kai. Ka nuna takarda, ka rubuta suna in an ba ka littafi, ka bari a duba ka. Kada ka ɗaga waya ka fara ɗaukar hoto sai ka tambaya. In an ce a'a, shi ke nan.

Kafin ka shige, tsaya daga ɗan nesa ka ƙare wa ginin kallo. Dubi ƙubbar nan, ka tuna da rufin tulluwa na tsofaffin zauruka da masallatan ƙasar Hausa. Turawa ne suka sa aka gina, amma sun san sarakunan da za su zauna a ciki da irin sorayen da suka fito.

Ranar da na fara shiga tare da kawuna muka je, dattijo ne da ya haura tamanin. Yana yaro mahaifinsa ya taho da shi daga Zariya kallon hawan daba da aka yi wa Sarauniya a 1956, ya ce tun ranar yake ganin ƙubbar daga waje. Da muka iso ƙofar shiga sai na ga ya jingina sandarsa da bango, ya sunkuya yana kwance takalmi.

Ma'aikacin da ke mana jagora ya ce, "Baba, bar takalminka, nan ba a cirewa."

Kawu ya ɗago ya dube shi. "Yaro, inda Sarkin Musulmi Abubakar ya zauna zan shiga da takalmi?"

Na ce, "Kawu, yanzu wakilanmu ne a ciki, mu muka zaɓe su."

Ya yi shiru, ya mayar da ƙafarsa a hankali, ya ce, "To, Allah ya sa su san inda suke zaune."

Mataki na shida: cikin zaure

Baƙo yana da wurin zamansa daban, ba ya taka inda 'yan majalisa suke. Ka kashe ƙarar waya. Ba a tafi, ba a sowa, ba a tsoma baki ko da an faɗi abin da ya ƙona maka rai. In Kakakin Majalisa zai shigo kowa zai miƙe, kai ma ka miƙe.

Ka sa ido a kan sandar majalisa. Jami'i ne ke shigowa da ita a kafaɗa a gaban Kakaki, ya ɗora ta a kan tebur. Ita ce alamar ikon zauren, shi ya sa duk lokacin da rigima ta tashi a wata majalisa a ƙasar nan za ka ji ana kokawar sanda. Ka kuma ƙirga kawuna. Doka ta ce sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun hallara kafin zama ya inganta. Ka duba ko wakilinka na nan, ko ya miƙe, ko ya ce wani abu.

Yawancin magana da Turanci ake yi, ko da yake tsarin mulki ya ba majalisar jiha damar ƙarawa da harshen da ake yi a jihar in ta amince da hakan. In Turancinka bai nuna ba, ka je da wanda zai riƙa yi maka raɗa. Abin da za ka bi shi ne tafiyar ƙudiri. Karatu na farko gabatarwa ce kawai, minti biyu an wuce. A karatu na biyu ake muhawara, nan za ka gane wanda ya karanta takardar da wanda ya zo ɗumama kujera. Daga nan a miƙa wa kwamiti, ya dawo da rahoto, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa gwamna ya sa hannu. Wajen yanke hukunci Kakaki zai nemi masu goyon baya su ɗaga murya, sannan waɗanda ba su yarda ba, ya buga guduma. Wani zaman gajere ne, ba armashi. Kada hakan ya sa ka raina shi, domin dokar haraji ma cikin irin wannan shirun take wucewa. Ka riƙe ɗan littafi ka rubuta sunan ƙudirin da wanda ya kawo shi.

Mataki na bakwai: in kana da magana

A zaure ba ka da baki, amma kana da shi a wuri biyu. Akwai zaman jin ra'ayin jama'a da kwamitoci ke kira kan wasu ƙudirori, inda ƙungiyar 'yan kasuwa, malamai, mata ko matasan unguwa za su iya miƙa takarda su yi bayani. Akwai kuma takardar koke, wadda ɗan majalisarka zai gabatar a madadinku. Ku rubuta ta da ladabi, ku faɗi matsala ɗaya, inda take, tun yaushe, da abin da kuke so a yi, ku sa hannu da sunayenku na gaskiya.

Mataki na takwas: ƙarasa zagayen

Tunda ka fito, kada ka koma gida da rabin labari. Dandalin Murtala na nan kusa, tsohon filin sukuwa inda aka yi hawan daba. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa yana kan titin Ali Akilu. Gidan Arewa kuwa yana titin Rabah, nan ne gidan Sardauna, aka mayar da shi cibiyar binciken tarihi a 1970, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can za ka ga hotunan mutanen da ka ji sunayensu, da rawunansu da alkyabbunsu. In da sauran rana, ka gangara Gamji a bakin kogi ka ga gadar ƙafa ta Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka kwance ta aka kawo Kaduna a 1954.

Mu dai ranar a Gidan Arewa muka tsaya, don ƙafar Kawu ta gaji. Muka yi sallar Azahar a Masallacin Sultan Bello, na tare mana Keke Napep zuwa Tudun Wada. Muna hanya ya tambaye ni sunan ɗan majalisar mazaɓarsu ta can Zariya, na duba a waya na gaya masa, ya ce in rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe ya sa a aljihu.