Ga ƙannenmu masu zuwa Ingila karatun halayyar ɗan Adam

A hutun babbar Sallar da ta wuce, matasa uku suka same ni a zaurenmu a Gusau bayan La'asar. Biyu ƙananan malamai ne a jami'a, na ukun kuwa tun daga Argungu ya taso, da takardar gurbin karatunsa a naɗe cikin leda. Dukkansu Ingila suka nufa, kuma dukkansu ilimin halayyar ɗan Adam za su karanta, ɓangaren jinyar masu damuwa da firgici. "Yaya, in mun sauka da me za mu fara?" Ranar baƙi sun yi yawa, amsar da na ba su a tsaitsaye ce. Ga ta nan a tsanake, gare su da duk mai bin sawunsu.

Tun kafin ka sayi rigar sanyi, ka san irin takardar da ka tafi nema. Digiri na biyu na shekara ɗaya ba ya ba ka izinin zama da mara lafiya a matsayin ƙwararre. A Birtaniya doka ce ta tsare wannan suna, sai wanda HCPC, hukumar da ke kula da rajistar ma'aikatan lafiya, ta yi wa rajista yake amsa shi. Hanyar da aka saba bi ita ce digirin dakta na shekara uku da ake kira DClinPsy, ana karatu ana aiki a asibiti, hukumar lafiya ta NHS ke biyan kuɗin, kuma galibin guraben na masu izinin zama ne a ƙasar. Digirin PhD kuwa na bincike ne, malami yake mayar da kai. Na san ɗan'uwanmu da aka sayar da shanu aka tura shi, sai da ya yi wata huɗu a can ya gane bambancin. Ka aika imel ka tambayi sashenku ƙarara, ka kuma binciki ko BPS, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya, ta amince da digirinka na farko.

Sauran hidimar sauka ba ta da wuya. A makon farko ka yi rajista da likitan unguwa, GP, don ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024. Kada ka wuce awa 20 na aiki a mako lokacin zangon karatu, kome matsin haya. Tun Janairun 2024 mai karatun digiri na biyu na aji ba ya zuwa da iyali, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, saboda haka ku yi wannan magana da mai ɗakinka ko maigidanki tun a gida. Ka taho da takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, domin duk aikin da ya shafi yara ko marasa lafiya sai an nemi tarihinka. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa da kusa, sai ka nemi ɗakin salla na jami'a tun ranar farko.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Akwai wata malama da nake so kowannenku ya san tarihin aikinta, Farfesa Anke Ehlers ta Jami'ar Oxford. Ita ma baƙuwa ce a Ingila. Bajamushiya ce, ta sami digirin dakta a Tübingen a 1985, ta yi aiki a Stanford ta Amurka, ta koyar a Marburg da Göttingen, sannan ta koma Oxford a 1993. A 2000 ta tafi King's College a Landan, a 2012 ta dawo Oxford. Da ciwon faɗuwar gaba mai zuwa bagatatan ta fara, daga baya ta tsaya a kan tambaya ɗaya: mutum biyu su gamu da masifa iri guda, me ya sa ɗaya yake warwarewa cikin watanni, ɗayan kuwa ya shekara yana razana? Ta bi waɗanda suka yi haɗarin mota aka kawo su asibiti a Oxford, tana komawa gare su bayan watanni, tana duba abin da ya raba masu warkewa da marasa warkewa. A 2000 ita da Farfesa David Clark suka wallafa maƙalar da ta bayyana yadda ciwon firgici bayan masifa, wanda ake taƙaitawa da PTSD, yake kafuwa. An ambaci wannan maƙala sau dubbai a ayyukan wasu masana.

Bayanin nasu ba shi da sarƙaƙiya. Ciwon yana daɗewa ne idan mutum ya ci gaba da jin haɗarin yana nan yanzu, alhali ya wuce. Abu biyu ke kawo haka. Akwai fassarar da ya yi wa abin da ya faru: laifina ne, na zama ragon namiji, ba wanda za a sake yarda da shi. Akwai kuma yadda abin ya zauna a ƙwaƙwalwa ba tare da ya ɗauru da lokacinsa ba, sai ƙara ko wari su taso da shi ɗanye kamar yau aka yi. Dabarun da mutum ke bi don ya tsira, irin su danne tunani da guje wa wurin, su ne suke hana raunin rufewa.

Ranar da na karanta wannan a ɗakin karatu, wata gwaggo ce ta faɗo mini a rai. Daga wani ƙauye ta yi gudun hijira, aka ba ta ɗaki a unguwarmu. Wata safiya tana tankaɗe a tsakar gida, 'yan kabu-kabu biyu suka wuce a guje ta bayan katanga. Rariyar ta suɓuce, garin ya zube, ta rarumi jikanta ta shige bayan randa tana salati, jikinta na ɓari. Matan gida suka ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, nan Gusau ne." Ta san Gusau ne. Kunnenta ne bai sani ba, don a kan babura maharan suka zo musu. A jinyar da su Ehlers suka tsara, wadda kan ɗauki kusan zama 12 mako-mako, ana koya wa mutum ya raba "wancan lokaci" da "yanzu": ya saurari ƙarar, ya dubi abin da ke gabansa, ya lissafa bambancin. Ana komawa wurin da labarin ya fi zafi a shigar da abin da mutum ya sani daga baya, misali cewa yaron da ta zaci an kashe yana raye. Ana kuma mayar da shi ga harkokin da ya watsar, kasuwa ko gona ko zumunci.

Aikin bai tsaya a takarda ba. Bayan bam ɗin da ya tashi a garin Omagh na Ireland ta Arewa a Agustan 1998, wanda ya kashe mutum 29, su Clark suka horar da ma'aikatan lafiyar yankin, aka yi wa mutanen gari jinya, aka auna sakamakon aka wallafa a 2002. A 2008 Ingila ta buɗe shirin jinya ta hanyar zantawa ga jama'a, wanda Clark da masanin tattalin arziki Richard Layard suka yi wa fafutuka. In ka ji malamanka suna maganar tasirin bincike, irin wannan suke nufi: an gwada, an auna, ya isa ga mara lafiya.

To amma ka lura da inda wannan ilimi ya tsaya, don a nan ne naka aikin yake. An gina "wancan lokaci da yanzu" a kan cewa haɗarin ya wuce. Wanda ya yi haɗarin mota a Oxford ya koma gidan da ba mai ƙona shi. Manomin Zurmi ko Maru fa, wanda ƙarar babur a daren gobe za ta iya zama gaskiya? Ɗaliban Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021, da na Birnin Yauri a Yunin shekarar, ƙauyukan da suka koma ba duka ne suka sami kwanciyar hankali ba. Yaya ake jinyar mai tsoron da rabinsa ciwo ne, rabinsa hankali? Malaminka Bature zai so ya ji wannan tambaya daga bakinka, kuma kai ka fi shi sanin wurin.

Haka batun harshe. Takardun tambayoyin da ake auna ciwo da su an rubuta su ne da Turanci. Mutumin Bunza ba zai ce maka yana da ciwon damuwa ba, cewa zai yi tunani ya yi masa yawa, ko gabansa na faɗuwa, ko barci ya ƙaurace masa, ko an yi masa sammu. Mace za ta ce ta dangana, alhali dare bai taɓa raba mata da ido rufe ba. Kada ka ji nauyin kawo waɗannan kalmomi cikin aji. Ka buɗe littafi na musamman kana tara su, da wanda ya faɗa da halin da ya faɗa a ciki, ba tare da suna ba. Kuma kada ka kuskura ka fara yi wa 'yan gudun hijira tambayoyi a hutu kafin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku da hukumar lafiya ta jiha su amince. Ban da cewa ba za a karɓi aikin ba, tono wa mutum ciwo ka tafi ka bar shi zalunci ne. Ka san inda za ka tura shi tukuna. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ya yi wa mafi yawan mutanenmu nisa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba ta kai ga ɗakin shan magani na ƙauye ba tukuna.

Zama da malamin da ke duba aikinka yana buƙatar sabon hali. Zai ce ka kira shi da sunansa na yanka, bakinka zai yi nauyi, a hankali za ka saba. Abin da ba zai gane ba shi ne kawaici. In ka sunkuyar da kai ka ce to, ɗauka zai yi ka fahimta ko kuma ba ka da ta cewa. Ka je da tambayoyinka a rubuce, in ba ka yarda ba ka faɗa da hujja. Lissafin ƙididdiga shi ya fi ba 'yan gidanmu wahala, ka shiga ajinsa tun zangon farko.

Kai ma ka kula da kanka. Za ka yini kana karanta labarin mutanen da aka azabtar, ka dawo ɗaki cikin duhun ƙarfe biyar, ka buɗe waya ka tarar an kai hari a ƙaramar hukumarku. Akwai daren da na kira gida sau tara ba a ɗauka ba, na zauna bakin gado da takalmi a ƙafa har aka kira Asuba, ashe layin waya ne ya ɗauke. Washegari na je ofishin ba ɗalibai shawara na jami'a, kyauta ne kuma sirri ne, daga can na wuce masallacin Juma'a na nemi 'yan Arewa. Wani dattijo ɗan Yauri ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ranar Lahadi akwai tuwo a gidana, kada in ga babu kai."