Gyaran banɗaki da hannunka: inda aka fi yin kuskure

Duk wanda ya ɗauki guduma zai fasa tsohon banɗakinsa, hankalinsa yana kan sabon tayil: wace kala, wane zane, kwali nawa. Amma abin da ke kashe banɗaki yawanci a ƙarƙashin tayil yake, ba a ganinsa sai bango ya fara danshi.

Na farko kuma mafi ciwo shi ne rashin gangara. A daɓe ƙasa sumul kamar ta falo, ka yi wanka ruwa ya kwanta a kusurwa, ko ya bi ƙofa ya nufi ɗaki. Daga ranar uwargida ta samu sabon aiki, korar ruwa da tsintsiya safe da yamma, gansakuka kuma na ƙaruwa. Ƙasan tana buƙatar ta sauka kusan santimita 2 a kowace mita zuwa bakin magudana, kuma ta ɗan yi ƙasa da dokin ƙofa. Kafin ka ɗora tayil ko ɗaya, bari daɓen ya ƙeƙashe, ka zuba bokiti guda, ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa. In ya tsaya, siminti da yashi kaɗan sun isa gyara. Bayan an sa tayil kuwa, sai fasawa.

Haka batun bututu. Mutum ya haɗa, ya shafa gam, ya yi filasta a ranar saboda ɗoki. Wata uku fentin ɗakin da ke maƙwabtaka ya fara ɓarewa. Toshe bakunan, buɗe ruwa daga tankin sama, ka bar shi ya kwana, da safe ka bi kowace mahaɗa da busasshen hannu. In za ka sa hita, layin ruwan zafi na bututun roba nau'in PPR ne, bututun roba na PVC da aka saba ba ya jure zafi. Bututun masai inci 4 ne, kada tsada ta sa ka rage. Kowace magudana kuma a sa mata lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, ita ke hana warin sokawe dawowa ciki, a kuma fitar da bututun iska sama.

Akwai wanda ake mantawa sai an gama, wani dattijo ya shiga ya fito yana cewa, "Malam, masan nan ai alƙibla yake kallo." A Kano da kewaye alƙibla gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Duba tun kafin ka huda ramin bututu, domin juya masai bayan an binne komai ba ƙaramin aiki ba ne.

Tayil mai sheƙi na bango ne. A ƙasa, da sabulu ya taɓa shi ya zama tarko, musamman a gidan da ke da tsofaffi ko mai juna biyu. Nemi mai kaushi, ko da bai burge ka a shago ba. In da siminti za ka liƙa, jiƙa tayil ɗin tukuna, kuma kwaɓin ya cika bayansa duka, ba ɗigo a kusurwa huɗu ba. Ƙwanƙwasa ka ji: wanda ya yi ƙarar ƙwarya akwai rami a ƙasansa, shi ne zai fara tsagewa. Ka sayo ƙarin kashi 10 cikin 100, don in ka koma kasuwa ba lallai kalar ta zo daidai ba.

Wuta kam, a ganina, ba wurin gwaji ba ce. Makunni ya zauna a waje, hita a haɗa mata wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, kuma mai aikin wuta ya yi.

Bayan ka cike tsakanin tayil da farin siminti, kulle ƙofar kwana biyu zuwa uku, ka ɓoye mukullin inda yara ba za su gani ba.