Yadda Ake Kula da Ƙwaƙwalwar Bakwaini Bayan An Dawo Gida

Jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika makonni 32 ya fito ne a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke tsakiyar girma, domin ko a mako na 34 nauyinta bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ta wanda ya cika wata tara ba. Aikin da mahaifa ba ta ƙarasa ba yana komawa hannun uwa da mutanen gida, kuma ba ya ƙarewa ranar da aka sallamo su daga asibiti.

A fara da goyon ƙirji. A ɗora jaririn a tsaye tsakanin nonon uwa, fatarsa na taɓa tata, daga shi sai hula da nafkin, a karkatar da kansa gefe guda don ya samu numfashi, sannan a ɗaure da zane. Likita Edgar Rey ne ya fara wannan dabara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben ɗumama jarirai, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a soma shi da zarar an haihu, a riƙa yi awa 8 zuwa 24 a rana. Mun saba da goyon baya, amma bakwaini ƙirji yake buƙata, musamman lokacin hunturu. Idan mai jego ta gaji, uba ko kaka su karɓa, kuma babu abin kunya a ciki.

Nonon uwa zalla za a ba shi. Idan bai iya tsotsa ba a tatse a ba shi da ƙaramin kofi, ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo. Kada a yi wasa da maganin ƙarin jini da likita ya rubuta. Idan idanunsa suka yi rawaya a garzaya asibiti a ranar, domin cutar shawara mai tsanani tana lalata ƙwaƙwalwa da ji, kuma shanya yaro a rana ba magani ba ne. A raba kayansa da kafur.

Wajen auna ci gabansa, a cire makonnin da ya rage a ciki har ya kai shekara biyu. Wanda aka haifa a mako na 30, idan ya cika wata shida, kamar ɗan wata uku da rabi za a duba shi, saboda haka kada a kwatanta shi da ɗan maƙwabta wajen zama ko rarrafe. A riƙa yi masa magana da waƙar reno ana kallon fuskarsa, amma idan ya kau da kai ko ya fara hamma da shaƙuwa, a bar shi ya yi barci. A tabbatar an duba idanunsa da kunnuwansa, kuma a koma wurin likita idan jikinsa yana sanƙarewa ko ya fifita hannu ɗaya kafin shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin makaranta, domin da yawa daga cikin waɗannan yara suna tafiya da magana lafiya lau, sai a aji a ga suna fama da natsuwa, da lissafi, da riƙe umarni biyu ko uku a lokaci guda. A nan ne ake kiran yaro daƙiƙi, alhali bulala ba ta gyara wannan. A aike shi abu ɗaya, in ya kawo a ƙara na biyu, a sa shi ƙidayar cokula da ware wake daga masara, sannan a sanar da malaminsa na boko da na allo cewa bakwaini ne, domin su zaunar da shi gaba su rarraba masa darasi kaɗan-kaɗan.