Ku riƙa rubuta abin da yaro ya koya a zahiri

Assalamu alaikum iyaye. Shawarata ga masu koyar da 'ya'yansu a gida ita ce a tanadar wa kowane yaro littafi guda, wanda za a riƙa rubuta abin da aka yi bayan an tashi daga karatu, domin jadawalin da aka tsara da dare sau da yawa ba ya kaiwa azahar: baƙo ya zo, ƙaramin ya tashi da zazzaɓi, ko lissafin da aka ware wa rabin awa ya cinye safiyar gaba ɗaya.

Ba sai an tsawaita ba. A rubuta kwanan wata, da shafin da aka tsaya, da wurin da yaron ya cije, misali har yanzu yana mantawa da aro idan zai cire 47 daga 82. A ganina wannan layi ya fi sauran amfani, saboda shi ne yake nuna inda za a fara gobe. Awon da ya yi a kicin shi ma karatu ne, a saka shi.

Littafin yana kuma zama hujja, tunda dokoki sun bambanta. Jamus ta wajabta zuwa makaranta, Faransa tun 2022 ta ce sai iyaye sun nemi izinin hukuma kafin su koyar da yaro a gida, jihar Pennsylvania ta Amurka kuwa tana buƙatar a adana samfurin ayyukan yaro. Duk ranar da zai shiga makaranta, da wannan littafin za ku nuna wa malamai matakin da ya kai.