Yadda za ki riƙe sallarki kina jinyar ɗanki

Wadda duk ta taɓa kwana a kan kujera gefen gadon asibiti, ɗanta kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, ta san yadda lokaci yake ɓacewa, sai ki ɗaga ido ki ga an yi Magariba ke ko Azahar ba ki yi ba, ga zuciya tana ce miki yanzu da kike buƙatar Allah fiye da kullum shi ne kika sake. Ni ma na shiga wannan halin da yarona, shi ya sa nake son mu yi maganar, 'yar uwa.

Ki fara da farilla kawai. Nafila da dogon karatu su jira, ki yi Fatiha da gajerar sura ki sallame. Manzon Allah (SAW) da kansa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita saboda tausayin uwar. Kuma ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukarta. To in ɗanki ya ƙi sauka daga jikinki, ki tabbatar dai babu najasa a jikinsa ko a famfas ɗinsa, ki tayar da sallarki.

Maganar najasa ita ta fi damun iyaye mata, fitsari, amai, wani lokacin har jini. Ki ware zane ɗaya da hijabi ɗaya ki ƙulle a leda, na salla ne kawai. Malaman Malikiyya ma haka suka so wa mai shayarwa, sun kuma yi mata rangwame kan abin da ya taɓa tufarta in dai tana ƙoƙarin kiyayewa. Alwala kuwa ki yi ta duk sanda kika samu wani ya riƙe miki yaron, ko da lokaci bai yi ba. In ranar ta rikice, ana ta gwaje-gwaje da zagayen likitoci, ki jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta, kina sallamewa La'asar ta shiga ki bi da ita, kin ga kowacce ta faɗa a lokacinta kuma alwala ɗaya ta isa. Sallar da barci ya ɗauke ki ta wuce, ki rama da zarar kin farka.

Addu'a kuwa ba ta neman alwala, ko kina haila bakinki a buɗe yake. Ki ɗora hannunki na dama a jikinsa ki ce: Allahumma rabban nasi, azhibil ba'asa, ishfi antash shafi, la shifa'a illa shifa'uka, shifa'an la yugadiru saƙama. Ki karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a tafin hannu ki shafa masa, ki dai kauce wa wurin allura da bandeji. In kan ya kulle kin kasa tuna komai, akwai ta Annabi Ayuba a Suratul Anbiya aya ta 83: anni massaniyad durru wa anta arhamur rahimin. In ita ma ta gagara, ki roƙa da Hausarki. Ni akwai daren da ban iya cewa komai ba sai ya Allah ka ji tausayin yaron nan, ina ta maimaitawa ina kallon ruwan yana ɗiga ɗis ɗis har aka kira Asuba.

Sai masu zuwa dubiya su ganki kina kuka su ce haba, ina tawakkalinki. Wallahi wannan maganar tana min ciwo. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah yake gargara, a shekara ta 10 bayan hijira, bai ma cika shekara 2 ba, Annabi ya rungume shi hawaye na zuba, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ki yi kukanki, harshe kawai za ki tsare. Masu cewa ai zunubinki ne ya jawo, kada ki ba su kunne, wane zunubi Annabi Ayuba ya yi?

Kuma don Allah kada addu'a ta sa ki tsayar da magani, hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Duk abin da wani ya kawo ya ce a ɗura wa yaro, komai kyakkyawar niyyarsa, ki nuna wa likita ko nas tukuna. Ki kuma yarda a karɓe ki, baban yaron ko ƙanwarki su zauna ke ki samu barci ko na awa 3 ne, in za ki kwanta ki nuna musu lokacin maganin gaba, ki sa ƙararrawar waya ta tashe ki kafin fitowar alfijir.