Kurakuran da Sababbin Shugabannin Asibitocin Karkara Suka Fi Yi, da Hanyar Gyara Su

Matashin da ya kammala karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Jahun ko makarantar tsafta ta Kano, aka kuma danƙa masa ragamar ƙaramin asibitin wata mazaɓa, ba ya daɗewa zai gane cewa aikin ya wuce allura da awo.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar turjiyar mutane a matsayin jahilci. Magidancin da ya hana a ɗiga wa ɗansa rigakafi yana da dalilinsa, ko da dalilin bai inganta ba. Jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abubuwan da suka jawo dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Shigowar sarakuna da malamai ce ta dawo da yarda sannu a hankali, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Saboda haka kafin ka buɗe akwatin rigakafi, je ka gai da dagaci da mai unguwa da liman, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu," sannan ka bari su yi tambaya har su gaji.

Haka nan wasu sukan ƙare duk faɗakarwarsu a kan matan da suka zo awo, alhali izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigida, shawara kuma tana hannun uwar miji. A nemi mazan a ƙofar masallaci bayan la'asar, a kuma daina hantarar unguwarzoma, domin idan aka mutunta ta, ita ce za ta rako mai naƙuda tun jini bai ɓalle ba.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙaryar alƙaluma. Ƙarshen wata ya zo, rajista ba ta cika ba, sai a zauna a rubuta yaran da ba a taɓa gani ba don a burge na sama. Takarda za ta nuna mazaɓa ta tsira, a karkatar da kayan aiki wani wuri, har ranar da ƙyanda za ta shigo ta tona asiri a kan 'ya'yan bayin Allah. Rubuta abin da ya faru tare da dalilinsa: babur ya lalace, ko firji ya kasa riƙe sanyin digiri 2 zuwa 8 da rigakafi ke bukata. Shugaban da ke tsawata wa ma'aikaci don ya kawo adadi kaɗan, shi ne ya koya masa ƙaryar.

Akwai kuma masu zaton raba kaya daidai-wa-daida shi ne adalci. Unguwar da ke bakin titi ba ɗaya take da rugar Fulani ba, ko ƙauyen da ambaliya ke yankewa a ƙasar Haɗeja. Lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, a fara ware man babur da ma'aikata ga na nesa, a kuma nemi arɗo ya faɗi inda rugage suka koma.

Batun kuɗi gajere ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Duk abin da ya iso asibitinka, kashe shi da sanin kwamitin mazaɓa, ka manna lissafin a bango da Hausa inda mai jiran layi zai iya karantawa.