Yadda za ka ɗauki hoton awakin dutsen Great Orme

In Allah ya kai ka Birtaniya daure ka leƙa Llandudno a arewacin Wales, akwai wani dutse da ya kutsa cikin teku, Great Orme, tsayinsa mita 207. Fararen awaki ne a kansa 'yan asalin Kashmir, ba makiyayi ba turke, su ne ma suka shigo gari a 2020 lokacin kullen korona suna cinye furannin mutane.

Ka yi sammako. In rana ta take farin gashin nan ƙonewa yake a hoto, don haka ka ɗan rage hasken kyamara. Ka bi Marine Drive, titin da ya zagaye dutsen, ni dai a ƙafa ya fi min don ka tsaya inda ka ga dama, in gwiwa ta ƙi kuma akwai taragon da ke hawa tun 1902, sai dai baya aiki da hunturu.

Kar ka matsa musu, ja zum kawai ka durƙusa daidai idon bunsurun ka jira ya waigo, ƙahon nan ya fito sosai teku na bayansa. Warinsa ma zai gaya maka yana kusa! Don Allah banda ba su abinci, in ka ga uwa da ɗanta ka ba su wuri.

Bakin dutsen fa ba wasa, iska da ƙarfi, jiƙaƙƙiyar ciyawa santsi gareta. Sa takalmi mai kama ƙasa, kuma kar ka kuskura ka ja da baya idonka na kan waya.